Kwana huɗu a tanti a Banc d'Arguin: tsuntsaye zan bi ko masunta?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da ƙanena muna shirin zuwa Muritaniya a watan Disamba, mu kwana huɗu cikin tanti a gandun Banc d'Arguin, bakin Tekun Atlantika tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu. Ni kallon tsuntsaye ne ya ɗauke ni, har na sayi madubin hangen nesa. Shi kuwa ba ruwansa da tsuntsu, masuntan Imragen, mutanen da ke zaune a ƙauyukan gandun, yake son gani da jiragensu. Mun fara ja-in-ja tun ba mu tashi ba. Mu raba kwanakin biyu-biyu, ko kowa ya kama gabansa? Kuma me ya kamata mu sani game da kafa tanti a irin wurin?

Wanda ya taɓa zuwa:
Wa'alaikumus salam. Malam, rigimar taku ba ta da tushe, domin agogo ɗaya tsuntsun da masuncin suke bi: cikar teku da janyewarta. Ruwa na cika sau biyu a kwana, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Idan ya janye, taɓo ya bayyana har iya ganinka, tsuntsaye su bazu suna kiwo can nesa, madubinka ba zai nuna maka komai ba sai ɗige-ɗige. Amma kamar awa biyu kafin ya cika, ruwan da kansa yake koro su, su taru dubbai a ɗan tudun da ya rage. A nan ne kallo yake. To wa ya san wane tudu, kuma da ƙarfe nawa? Mutanen da ƙanenka yake son gani. An hana jirgi mai inji a cikin gandun, saboda haka da jirginsu mai tafiya da iska za ku fita daga ƙauye irin Iwik. Kana kallon sama, shi yana kallon yadda ake juya jirgin. Ranar da na fita, matuƙin ya leƙa launin ruwa kawai ya ce mu dakata, ba mu yi rabin awa ba sai ga kwasa-kwasa da filamingo sun jeru a gabanmu.

Wata 'yar'uwa:
Disamba daidai ne. A lokacin baƙin tsuntsaye daga Saiberiya, arewacin Turai da Girinlan sun sauka, ana ƙiyasta sun kai miliyan biyu. Dalilin da ya sa aka kafa gandun a 1976 ke nan, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1989. Roƙona ɗaya: kada ka matsa kusa don hoto. Tsuntsun da ya yi tafiyar dubban kilomita, duk tashin da ka sa ya yi a banza kitsen komawarsa gida ka rage masa. In ka ga sun ɗaga kai gaba ɗaya, ka riga ka wuce iyaka.

Wani dattijo:
Ni kashedi zan yi wa ƙaramin. In labarin dolfin, wata dabbar teku mai kama da babban kifi, ne ya ja shi, wato masunta su shiga ruwa suna dukan ruwan da sanda, dolfin su koro musu garken kifi cikin koma, to ya rage buri. An yi hakan, amma yau da wuya a gani. Abin da zai samu shi ne aikin mata: shanya kifi, fitar da mai, da busar da ƙwan kifi. Ya yi sallama, ya zauna, ya nemi izini kafin ya ɗaga kyamara. Ƙauyen mutane ne, ba wurin baje koli ba. Larabcin Hassaniya suke ji, ɗan Larabcin da kuke da shi zai yi amfani.

Mai tambaya:
Allah ya saka, Baba. Ya karanta, ya yi shiru. Saura batun tanti.

Wanda ya taɓa zuwa:
Ku kafa a inda ma'aikatan gandun suka nuna muku, bayan kun karɓi izinin shiga. Kada yashi mai laushi kusa da ruwa ya ruɗe ku; ku duba layin ciyawar teku da ruwa ya bari, ku wuce shi sosai, musamman kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa, lokacin ne ruwa ya fi hawa. Iska na da ƙarfi, ƙananan turaku ba sa riƙe yashi, ku nemi dogaye ko ku binne buhun yashi ku ɗaure igiya. Ruwan sha ku taho da isasshe, bargo ma haka, dare da sanyi. Mota mai jan ƙafa huɗu da direban da ya san hanya, wannan dole ne.

Wata 'yar'uwa:
Ƙari kaɗan: sharar ku ta fita tare da ku, har da guntun igiya da leda.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Mun sasanta: fita biyu a jirgi tare, sauran yini ni a bakin taɓo, shi a ƙauye. Yanzu kuma ya ce in ara masa madubin.