Abin da na tsinta a hirar turin waƙa da tsaron na'ura

Daren jiya hira ta ɓarke a majalisarmu kan turin waƙa da lafiyar kwamfuta, sai na ga ya dace in tattaro abin da aka fi amincewa da shi.

An fi daɗewa a kan filash da memori. Mai gyaran kwamfuta da ke cikinmu ya ce yawancin na'urorin da ake kawo masa, cutar kwamfuta (virus) ta shigo musu ne ta filash ɗin da aka kai shagon turi. Alamarta sananniya ce: kana soka shi sai ka ga fayilolinka sun koma 'yan hotuna masu ƙaramar kibiya, ainihin kayan sun ɓuya. Kada ka taɓa ko ɗaya sai Windows Defender, wato manhajar tsaro da ke cikin Windows, ya bincika tukuna. Ya kuma tuna mana cewa Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, mai hali ya koma 11.

Batun sayen waƙa ya raba kan mutane. Wasu sun ce turi ya fi wa mai ƙarancin data sauƙi, kuma gaskiyarsu ne. Ni dai ina bayan masu cewa a saurara a Audiomack, Boomplay ko shafin mawaƙin na YouTube, domin kuɗin da ake ba mai turi ba kasafai yake isa hannun wanda ya biya situdiyo ba.

Wani dattijo da aka taɓa ƙwace wa WhatsApp ya roƙe mu: lambobi 6 ɗin nan da ke shigowa ta saƙo, ko ɗan'uwanka ne ya kira, kada ka karanta masa.