Shirin tseren Dutsen Kamaru ga mazaunin Garwa: ta ina ake farawa?

Tela Mai Gudu, Garwa

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni mazaunin Garwa ne, sana'ata ɗinki, kuma ina gudun safe ne domin lafiya da sha'awa, ba na cikin wata ƙungiya. A halin yanzu nakan yi kilomita 15 zuwa 20 a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba tare da na jigata ba, wannan ne ya sa na fara tunanin shiga tseren Dutsen Kamaru da ake yi a Buea a farkon shekara. Ba kyauta nake hange ba, burina shi ne in taka ƙololuwar dutsen in sauko da ƙafafuna lafiya.

Abin da ya shige mini duhu shi ne maganar abokan guduna, waɗanda suke cewa duk wanda ya saba gudu a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, babu dutsen da zai gagare shi. Shin wannan magana tana da tushe? Idan ba ta da shi, yaya mutumin da ke zaune a kwarin Binuwai, inda tudu ya yi ƙaranci, zai shirya jikinsa? Haka kuma ina neman haske a kan abin da ake ci da abin da ake sha a doguwar tafiya irin wannan. Allah Ya saka wa duk wanda ya ba ni shawara da alheri.

Tsohon Ɗan Tsere, Ngaundare

Wa alaikumus salam, ɗana, Allah Ya cika maka burinka. Na yi wannan tseren a lokacin ƙuruciyata, kuma har yau ina raka samari atisaye a duwatsun da ke kewaye da garinmu, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Maganar abokanka tana da daɗin ji, amma dutsen nan ba da zafi yake kayar da mutane ba. Ana tashi ne daga filin wasa na Molyko, a bi kwalta a ratsa garin Buea ana ta hawa, a shiga daji mai duhuwa inda bukka ta farko take, sannan a fita fili mai ciyawa da baƙaƙen duwatsun aman wuta, a wuce bukka ta biyu da ta uku, kafin a kai ƙololuwa wadda tsayinta ya ɗan haura mita 4,000. Zuwa da dawowa kimanin kilomita 38 ne, hawan kuma ya fi mita 3,000, duk abin da ka hau kuwa da ƙafarka za ka sauko shi a wannan yinin. Zakarun maza sukan gama a wajen awa huɗu da rabi, amma sabon shiga ya sa a ransa cewa zai iya kwashe kusan ninkin hakan. Tun 1973 ake yin tseren, kuma idan ka duba waɗanda suka yi suna a cikinsa, irin su Sarah Etonge da ta lashe na mata sau bakwai, za ka ga mafi yawansu 'yan gindin dutsen ne ko 'yan tuddan Arewa maso Yamma, mutanen da hawa da gangara suka zama musu tafiyar yau da kullum tun suna yara.

Abin da baƙo ba ya zato shi ne saukowa ta fi hawa cin mutum. A hawa huhu ne ke wahala, da ka tsaya kaɗan numfashi zai dawo. A gangara kuwa naman gaban cinya ne ke tare nauyin jikinka a kowane taku, yana miƙewa alhali yana taka birki, irin wannan aikin kuma yakan yayyaga ƙananan zaren naman ta yadda hutun minti goma ba ya gyara komai. Na sha ganin ƙarti majiya ƙarfi zaune a kan dutse ƙasa da bukka ta biyu, numfashinsu lafiya lau, suna magana sarai, amma cinya tana karkarwa ta ƙi ɗaukarsu, sai ka ga mutum yana saukowa da baya yana dafa ƙasa, tafin hannunsa duk ya yayyanke saboda kaifin duwatsun.

Don haka, ɗana, ka nemi gangara tun yanzu. Garwa ba ta rasa tudu gaba ɗaya ba, ga Dutsen Tingilin nan a arewa da gari ta wajen Pitoa. Hawansa 'yan ɗaruruwan mita ne kawai, amma wanda ya hau shi ya sauko ya sake komawa ya tara hawa mai yawa. Ka ware masa rana ɗaya a mako. A makonnin farko ka sauko da tafiya, daga baya ka fara sassarfa da gajeren taku mai sauri, idonka yana kan inda ƙafarka za ta sauka taku uku a gaba, hannuwanka a ɗan buɗe, kada ka kwanta baya ka riƙa caka dunduniya, domin a nan gwiwa take lalacewa. Ciwon cinya zai fi tsanani a rana ta biyu bayan atisayen, wannan ba abin tsoro ba ne, kuma za ka ga a karo na gaba bai kai na farko ba. Sauran kwanakin mako kuwa mafi yawan gudunka ya kasance a sannu, gwargwadon yadda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da haki ya katse maka magana ba. Ranar doguwar fita ka daina ƙirga kilomita, ka ƙirga awowin da ka yi a kan ƙafa, ka riƙa ƙara su kaɗan-kaɗan har ka kai awa huɗu zuwa biyar a wuri mai tudu.

Ma'aikaciyar Jinya, Marwa

Ina gaida Baba na Ngaundare, Allah Ya ƙara muku lafiya. Ƙanena, ni ba 'yar tsere ba ce, amma akwai abubuwan da suka shafi lafiyarka da nake so ka ɗauke su da muhimmanci.

Gudu a cikin zafi yana da amfaninsa, domin cikin kwana 10 zuwa 14 jiki yakan ƙara yawan ruwan jini, ya fara fitar da gumi da wuri, bugun zuciya kuma ya ragu a kan aiki iri ɗaya. Sai dai wannan bai maye gurbin sabo da tsauni ba. Garwa ba ta kai mita 300 daga doron teku ba, a mita 4,000 kuwa iskar da kake shaƙa a kowane numfashi tana ɗauke da kusan kashi 60 cikin ɗari ne kawai na iskar oksijin da ake samu a bakin teku. Daga mita 2,500 zuwa sama wasu sukan fara ciwon kai, jiri da tashin zuciya, kuma ƙarfin mutum ba ya hana wannan. Ga kuma sanyi, domin kowane mita 1,000 da ka hau zafi yakan ragu da kimanin digiri 6, wanda ya taso daga ƙasa jiƙe da gumi zai iya isa sama yana rawar ɗari cikin iska mai kaɗawa.

Abin da na fi damuwa da shi, wanda 'yan gudu a ƙasarmu ba su cika maganarsa ba, shi ne gwajin jinin sikila. Mutane da yawa a yankinmu suna da rukunin AS ba su sani ba, domin ba ya sa su ciwo a rayuwar yau da kullum. Amma idan aiki mai tsanani ya haɗu da ƙarancin ruwa a jiki da ƙarancin iska a kan tsauni, mai AS yana iya samun matsala a saifa ko a naman jiki, wani lokaci mai hatsarin gaske. Ka je asibiti a yi maka wannan gwajin, a auna hawan jini, a duba zuciya, sannan likita ya faɗa maka ra'ayinsa. A tseren 2024 wani ɗan Kenya ya faɗi ya rasu jim kaɗan bayan ya kammala, alhali gogaggen ɗan tsere ne, saboda haka duba lafiya ba cika takarda ba ne kawai. Idan zazzaɓin cizon sauro ya kama ka a lokacin shiri, ka gama shan magani ka huta har ƙarfinka ya dawo, domin yakan rage jini.

Ina roƙonka kada ka kusanci tiramol, ko da wani ya ce maka yana hana gajiya. Yana ɓoye ciwon da ke yi maka gargaɗi ne, yana kuma iya jawo jijjiga da raunin numfashi. Haka ma ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, shansu a tsakiyar dogon gudu yana iya taɓa ƙoda.

Game da ruwa, ka hau sikeli kafin ka fita da bayan ka dawo. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi, da haka za ka san bukatar jikinka. Ruwa zalla mai yawa ba tare da gishiri ba shi ma yana da illa, don haka a fita mai tsawo ka haɗa da ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba mai gudawa. Ajiyar kuzarin da ke cikin naman jiki ba ta cika wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu ana aiki mai ƙarfi ba, saboda haka ka fara cin dabino ko ayaba tun kafin ka ji yunwa, kaɗan-kaɗan duk bayan rabin awa. Ƙuli-ƙuli da nama ka bar su sai an gama, domin suna daɗewa a ciki.

Malamin Makaranta, Njamena

Na ƙaru da bayanan Baba da na Malama, amma ina da ɗan saɓani a kan lokaci. A ganina bai kamata Malam Tela ya shiga tseren da ke tafe ba, ya bari sai na bayansa. Zuciya da huhu sukan ƙarfafa cikin 'yan watanni, amma agara da gwiwa da ƙashi suna bukatar lokaci mai tsawo, kuma mafi yawan raunin da ke zaunar da masu gudu daga gaggawar ƙara nauyin atisaye yake zuwa. Mutumin da yake yini a zaune a kan keken ɗinki yana bukatar shekara guda cif yana gina ƙafa.

Akwai darasi a wajen mutanen arewacin Ingila, waɗanda suke da tsohuwar al'adar tsere a kan tuddai. Duwatsunsu ba su kai mita 1,000 ba, amma a 1932 wani mai masauki, Bob Graham, ya zagaya ƙololuwa 42 cikin ƙasa da awa 24, har yau kuma masu sha'awa suna gwada wannan zagayen. Gwarzonsu Joss Naylor makiyayin tumaki ne, wanda a 1975 ya taka ƙololuwa 72 cikin ƙasa da awa 24. Ƙarfin irin waɗannan mutane daga shekarun da suka yi suna yawo a kan tudu ya fito, kuma ko ƙwararrunsu ba sa jin kunyar tafiya idan hawa ya yi tsaye, sukan dafa gwiwa da hannu su riƙa tura jiki sama. Ka koyi wannan tafiyar kamar yadda kake koyon gudu, domin daga bukka ta farko zuwa sama kusan ita za ka yi ta yi. Mu a nan ba mu da tudu ko kaɗan, sai matakalar bene da yashin bakin Kogin Shari muke amfani da su, kuma suna gina ƙafar hawa, amma ba sa koya wa mutum saukowa a kan duwatsu masu zamewa.

Idan wani ya ba ka shawarar zuwa duwatsun Mandara saboda kyawun hawansu, ka fara tambayar halin tsaro, domin wasu sassan da ke kan iyaka ba wurin yawon mutum shi kaɗai ba ne.

Tela Mai Gudu, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Zan fara da asibiti kamar yadda Yaya ta ce, kuma na karɓi shawarar Malam ta jinkirtawa. Baba, saura tambaya ɗaya gare ku: wane irin takalmi ya dace, kuma idan na samu hutu, zuwa Ngaundare zai amfane ni?

Tsohon Ɗan Tsere, Ngaundare

Malam ya yi gaskiya, ban ƙi jinkirin ba. Ka zo, ɗana, garinmu yana kan mita 1,100 da ɗoriya, wannan bai isa ya saba maka da iskar ƙololuwa ba, amma sanyinsa zai ba ka damar yin awowi masu yawa a kan duwatsu ba tare da rana ta gasa ka ba, musamman da damina. A hunturu kuwa, ranar da ƙura ta rufe Garwa, ka rage gudu ka yi atisayen ƙafa a gida. Takalmi ba sai sabo ba, na gwanjo ma ya wadatar muddin ƙasansa yana da haƙora masu kama ƙasa kuma bai sulɓe ba. Ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka tabbata akwai faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakinsa, in ba haka ba gangara za ta baƙanta maka farce har ya cire. Ka yi watanni kana atisaye da shi, ka tanadi safar hannu da riga mara nauyi mai tare iska, sannan ka tuntuɓi reshen hukumar wasannin guje-guje na yankin Arewa da wuri domin ka san sharuɗɗan rajista na shekarar da za ka shiga.