Wane suna za mu sa wa "scoring board"?

1. Jama'ar zango, ku taya ni neman suna. Akwai wani allon roba da nake haɗa dogayen ambulan da shi a nan Aboabo, Kumasi, na saka gudummawar biki da suna, da na wasiƙa. Turawa na ce masa scoring board. Yaran da nake koya wa sana'ar sun mayar da shi "sikori", ni kuwa sunan bai kwanta min ba.

2. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba: faɗinsa inci 12, tsawonsa inci 12, an jera masa siraran kwarmi, takwas a kowane inci. Za ki ɗora takarda, ki ɗauki ɗan abin nan mai kama da wuƙa marar kaifi, ki danna ki ja ta cikin kwarmin. Ba ya yanka takardar. Danne ta yake yi, don in an zo ninkewa ta bi layin ba tare da bayanta ya tsattsage ba.

3. Wani malami daga Asawase ya ce "allon maki". Allah gafarta Malam, wannan na filin ƙwallo ne, ranar da Asante Kotoko ke wasa. Kalmar ce ta zo ɗaya a Turanci, aikin bai haɗu ba.

4. An kawo "allon tsaga". A'a. Tsaga aikin wanzami ne, sai aska ta shiga. Duk yarinyar da ta ji wannan suna reza za ta ɗauko. "Allon ninki" ya fi kusa, amma ba a kansa ake ninkewa ba, hanya kawai yake yi wa ninkin.

5. Yayata, wadda take ɗinki, ita ta warware min. Tana kallo na ja layi, sai ta ce, "Ai kari kike sa mata." Kari irin wanda dutsen guga ke bari a ƙafar wando. Na ce Yaya, kin gama magana. Allon kari. Ɗan abin jan kuwa, tunda asali da ƙashi ake yinsa, ƙashin kari.

6. Na ga masu cewa a waya ba kowa ke sa lanƙwasa ba, za a karanta shi allon ƙari, a zaci na lissafi ne. Gaskiya ne. Amma muna rubuta karin kumallo da karin magana kullum, ba wanda ya taɓa ruɗewa.

7. Bari mu gwada sunan a bakin aiki. Dogon ambulan na ofis milimita 110 ne da 220, wanda takardar A4 ke shiga in an ninka ta uku. Ita A4 ɗin kanta ba ta isa a yi shi da ita ba, kada ki ɓata kuɗinki a Adum, ki nemi babba. Yanka ta inci 9½ da 11. Ɗora gefen 9½ a saman allon kari, sa kari a 2½ da 6⅞. Juya ta, sa kari a ¾ da 9½. Cire kusurwoyi huɗun da almakashi, ninke gefuna, shafa gam, murza da ƙashin kari. Bakin sama ki bar shi sai an saka kuɗi.

8. Mutanen Nima da Sabon Zongo, in kuna da wani suna a Ankara (Accra) ku faɗa kafin Asabar, don ranar zan rubuta wa yaran awon a bango.