Neman kalma kafin Alhamis: shafukan sada zumunta marasa mamallaki ɗaya

Mai Shirin Fasaha: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan naɗi shirin rediyo kan yadda jama'a ke ƙaura zuwa shafuka irin su Mastodon, wanda Eugen Rochko ya fitar a Jamus a 2016, kuma ya cika da baƙi bayan Elon Musk ya sayi Twitter a watan Oktoban 2022. Kalmomi biyu ne suka tsaya mini. Ta farko "instance", wato kwamfutar da wani ya kafa ya tara mutane a kanta bisa nasa dokokin; ta biyu "fediverse", wato haɗuwarsu gaba ɗaya, inda wanda ya yi rajista a nan yake iya bin wanda ya yi rajista a can. Rabin shirin na biyu kan wasannin bidiyo ne, kuma da yake a Minecraft ma mutum na iya kafa tasa duniyar ya gayyaci abokansa, ina son kalmar da za ta ɗauki duka biyun.

Hajiya Mai Fassara: Wa alaikumus salam. Ta farkon ba ta da wuya, Malam: unguwa. Kowace tana da mai unguwarta, wanda ke karɓar baƙo ko ya kore shi, kuma ɗan wannan unguwar yana gaisawa da na waccan ba tare da ya sauya gida ba. Ban ce zaure ba, domin masu WhatsApp sun riga sun mallake shi, kuma mai sauraro zai ɗauka rukunin hira ake nufi. Ta biyun kuwa sai a ce tarayyar unguwanni.

Injiniya: Unguwa ta zauna daram, Hajiya, har ma ta ba mu wata kalmar kyauta: idan mai kula da wata kwamfutar ya toshe wata saboda cin zarafi ko tallan banza, sai mu ce unguwannin sun raba gari. Tarayya ce nake jin tsoronta. Duk ɗan Najeriyar da ya ji ta, gwamnatin tarayya zai hango zaune a Abuja tana rabon kaso, alhali abin da ake son a fahimtar shi ne babu Abuja a wannan tsarin. Abin da ya haɗa su ƙa'idar aika saƙo ce kawai, ActivityPub, wadda W3C, hukumar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da ita a Janairun 2018, kamar yadda mai Gmail ke aika wa mai Yahoo wasiƙa. Lokacin da aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ƙofa ɗaya aka kulle kowa ya tsaya a waje. Kulle dubban ƙofofi ya fi haka wuya, kuma wannan bambancin ne ya kamata kalmar ta nuna.

Ɗan Damagaram: Injiniya, wannan damuwar taku ce ta 'yan Najeriya. Mu a Nijar ba tsarin tarayya muke bi ba, a Tarayyar Afirka da Tarayyar Turai muke jin kalmar, inda kowace ƙasa take da tutarta da shugabanta. Rediyo kuma ba ya tsayawa a Jibiya ko Maigatari.

Malamin Nahawu: Duk kun bi hanya mai nisa. Tun da Bature ya haɗa kalmomi biyu, "federation" da "universe", ya yi "fediverse", mu ma ba gazawa muka yi ba. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina "tarduniya", daga tarayya da duniya, kuma sun karɓa. Gajeriya ce, tana ɗaukar nasaba: tarduniyar Mastodon. Harshen da ba ya haifar sabuwar kalma sai dai ya jera tsofaffi, aro zai ci gaba da yi har ya rasa kansa, kuma abin kunya ne a ce a gidan rediyo ana furta "gem" (game) da "saba" (server) kamar Hausa ta talauce.

Hajiya Mai Fassara: Allah ya gafarta Malam, Hausa ba ta saba gutsure kan kalma ta liƙa wa wata ba. Harɗaɗɗun kalmominmu a cike suke zuwa, kamar faɗi-tashi da ƙare-dangi da a-kori-kura, kowa ya ji ya san abin da aka haɗa. Wanda ya ji "tarduniya" a rediyo zai zaci an ce a tara duniya, ya ɗauka wa'azi za a fara. Ɗalibai kuwa dole su karɓi abin da zai fito a jarrabawa.

Malamin Nahawu: Hajiya, masu fassarar kafafen labarai ne suka cika mana harshe da jimloli masu tsawon igiya a wurin da kalma ɗaya ta isa. Aikin ƙirƙirar kalma na jami'a ne, ba na ɗakin labarai ba.

Ɗan Damagaram: Wace jami'ar, Malam, ta Kano ko ta Yamai? Kullum a can ake yanke hukunci, mu sai dai mu ji a sanarwa, kamar Hausarmu ta haya ce.

Mai Shirin Fasaha: Don Allah a yi haƙuri a dawo kan batu, lokaci yana ƙure mini. Wasannin fa?

Injiniya: A nan ina ganin kada ka nemi kalma ɗaya, domin abubuwan ba ɗaya ba ne. Duniyoyin Minecraft ba sa magana da juna yadda na Mastodon suke yi. Gidan da ka gina a wannan ba ya bin ka zuwa waccan, kuma wasan kansa mallakar Microsoft ne tun da ya sayi kamfanin Mojang a 2014 kan dala biliyan 2.5. Ka bar masa "duniyar wasa", masu zana ta kuma "masu tsara duniyar wasa". Na'urorin su ma sun bambanta: PlayStation da Nintendo Switch a kulle suke, kamfani ne ke zaɓar abin da zai shiga, yayin da Steam Deck, wanda kamfanin Valve ya fitar a 2022 a kan manhajar Linux, yake barin mai shi ya ɗora abin da ya ga dama. Game da "gem" kuwa, Malam, ka leƙa shagon da yara ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a talabijin, hannu biyu riƙe da abin latsawa, janareta na ruri a bakin ƙofa: gidan gem suke ce masa, kuma babu wanda zai sauya musu shi daga aji.

Hajiya Mai Fassara: To, idan tarayya na tayar da ƙura, a ce gamayyar unguwanni. Gamayya ba ta da hedikwata a kunnen kowa.

Mai Shirin Fasaha: Na ɗauki unguwa da raba gari da duniyar wasa. Gamayyar unguwanni zan faɗa, amma a karon farko zan ambaci kalmar Turancin sau ɗaya saboda masu son nema a intanet. Na'urar wasan bidiyo zan ce a rubutun gabatarwa, idan baƙona ya ce gem ba zan katse shi ba. Shafin sada zumunta na Bluesky ne ya rage, tun da ƙa'idarsa daban ce, ba ActivityPub ba.

Malamin Nahawu: Unguwa ba laifi. Gamayyar unguwanni kuwa bayani ne, ba suna ba, kuma a ajina tarduniya zan ci gaba da koyarwa.

Ɗan Damagaram: Bluesky ɗin fa, wata gamayyar ce ko wani garin?