Bayan faifan Neu! 2: damfara ce ko rashin kuɗi?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'ar gida. Yau raina a ɓace yake, sai na amayar zan samu barci. Jiya Asabar na hau jirgin ƙasa daga Kolon zuwa Düsseldorf a nan Jamus, na shiga wani shagon tsofaffin faya-fayai, na ƙirga Yuro 32 na miƙa, na ɗauko Neu! 2, faifai na biyu na ƙungiyar makaɗan Jamus mai suna Neu!, saboda wasu a gidan nan sun cika mana kunne da shi. Na dawo ɗaki na ɗora allura. Gaban faifan ba laifi, "Für Immer" minti 11 ana tafiya ɗoɗar kamar direban da ya samu titi ba kowa da asuba. Da na juya bayansa fa? Kusan duka kiɗa biyu ne, "Super" da "Neuschnee", ake ta juya su kamar waina. Nan a sake su da gudun juyi 78 a minti su koma kukan ɓeraye, can a ja su a 16 kamar sa yana nishi. Sai da na tashi na ɗaga farantin na'urata, na zaci bel ne ya saki. Wallahi wannan damfara ce. Abin da nake son faɗa shi ne, duk abin da Düsseldorf ta fitar a shekarun 1970 bai kama ƙafar faifan Tago Mago na ƙungiyar Can ba. Mai ja ya fito.

Lauyan Gida: Wa alaikumus salam. Ƙanena, janye kalmar damfara tukuna, sannan mu yi magana.

Ɗan Fagge: Yaya, ba zan janye ba. Kuɗina ne ya tafi.

Lauyan Gida: Damfara sai an ɓoye maka wani abu. Ɗauko kwalin ka duba. An rubuta "Neuschnee 78", an rubuta "Super 16", an rubuta "Super 78". Duk wanda ya taɓa riƙe garmaho ya san ma'anar lambobin nan. Mutum ya rubuta maka abin da ke cikin buhu a jikin buhu, ka saya, ka dawo ka ce ya damfare ka? Rashin karatunka ne ya cuce ka.

Hajiya Mai Kaset: Ni dai ba damfara zan ce ba, algus ne. Kamar mai nono ta ƙara ruwa. Nonon na gaske ne, ruwan ma na gaske ne, amma ba abin da ka biya ba ke nan.

Lauyan Gida: Hajiya, algus ma ai a ɓoye ake yin sa. Wace mai nono ce ke rubuta "akwai ruwa" a jikin ƙwarya?

Hajiya Mai Kaset: To tauye mudu ne.

Lauyan Gida: Mudun ya cika taf, bayan faifan ya kai tsawon da ake so.

Hajiya Mai Kaset: Ya cika da dusa.

Na Damagaram: Ku tsaya ku ji yadda abin ya faru, don na ga ana shari'a ba a kira shaidu ba. Mutum biyu ne Neu!, Klaus Dinger a ganga, Michael Rother a jita. A 1971 suka bar ƙungiyar Kraftwerk. Faifansu na farko, wanda "Hallogallo" ke ciki, cikin dare huɗu suka naɗe shi a Hamburg tare da mai naɗar sauti Conny Plank. Da suka zo na biyu a 1973, sai suka ɓata lokaci suna ɗora jita kan jita a gefen farko, kuɗin situdiyo ya ƙare ana tsakiyar aiki, kamfanin Brain kuma ya ƙi ƙara ko sisi. Dama suna da wani ƙaramin faifai mai kiɗa biyu da suka fitar a 1972, bai yi kasuwa ba. Shi suka ɗauko suka ɗora a garmaho, suna sauya gudu suna naɗa. Akwai guda, "Cassetto", da aka bi da shi ta rakoda mai cin zaren kaset. Rashin tuwo ake cin wake a kwana. Talauci ne, kuma talauci ba laifi ba ne.

Ɗan Fagge: To ni na jawo musu talaucin da za su huce a aljihuna bayan shekara 50?

Zangon Kumasi: Masu gida sannunku. Ni abin da ya dame ni, kowa na cewa Can, Can, ba wanda ya ambaci Rebop Kwaku Baah. Ɗan Gana ne, ya buga wa ƙungiyar Traffic, ya shiga Can a 1977 lokacin faifan Saw Delight. Amma kullum Tago Mago, sai ka ce daga 1971 ƙungiyar ta mutu.

Hajiya Mai Kaset: Malam, wa ya yi maganar Gana yanzu?

Zangon Kumasi: Ai matsalar ke nan Hajiya, ba a yi.

Baba Garmaho: 'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Abin da yaron nan ke kira nishin sa, wato "Super 16", na san shi tun kafin in san akwai wasu Neu! a duniya. Yana cikin wani fim ɗin Chanis na 1976, Master of the Flying Guillotine, na makahon nan mai jefa hular da ke sare kai. Mun kalle shi a bidiyo har kaset ya gaji. Duk sanda kiɗan ya tashi, ɗaki yakan yi tsit, kowa ya san wani zai rasa kansa. Daga baya darakta Tarantino ya sake ɗauko shi a fim ɗinsa Kill Bill. Abin da ya tsorata mu muna samari, shi ne za a ce dusa?

Hajiya Mai Kaset: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a fim daƙiƙa kaɗan ake sakawa. Zauna ka saurari bayan faifan gaba ɗaya bayan la'asar ka ga ko ba za ka nemi maganin ciwon kai ba.

Lauyan Gida: Mu koma kan kalma. Damfara tana buƙatar niyyar cuta. Ina niyyar?

Ɗan Fagge: Niyyar ita ce sun karɓi kuɗin cikakken faifai. Ga ƙungiyar Faust nan ta Jamus, a shekarar 1973 ɗin dai. Da suka tattara guntattakin abin da suka naɗa a situdiyonsu na Wümme suka yi The Faust Tapes, kamfanin Virgin ya sayar da shi a Ingila a farashin ƙaramin faifai. Wanda ya san kayansa ragowa ne, ya rage kuɗi. Wannan shi ne mutunci.

Na Damagaram: Ba mutunci ba ne, talla ce. Virgin sabon kamfani ne a lokacin, yana neman a san shi. Kuma makaɗi ba shi ke sa farashi ba.

Injiniya: Ni fa ina ganin ku duka kun makara. Abin da suka yi da gudun faifai shi ne abin da masu haɗa kiɗa a wuraren biki suka zo suna yi daga baya, a ɗauki kiɗa ɗaya a sake masa kama. Su suka fara.

Baba Garmaho: Ɗana, a yi hattara da "su suka fara". Mutanen Jamaika suna juya kiɗa ɗaya a bayan faifai tun kafin nan, mai haɗa sauti King Tubby yana raye yana aikinsa a Kingston.

Injiniya: Baba, wani abokina Bajamushe ne ya faɗa min, kuma mahaifinsa ya ga Neu! da idonsa.

Hajiya Mai Kaset: Kullum abokin nan naka Bajamushe. Ko sunansa ba mu taɓa ji ba. Shi ne dai ya ce maka Kraftwerk 'yan Berlin ne.

Injiniya: Wannan kuskuren rubutu ne, Tangerine Dream nake nufi, kuma na gyara a ranar. Tunda abin tone-tone ne, Hajiya, ina na'urar kunnena da kika ara tun bikin ƙanwarki?

Hajiya Mai Kaset: Wadda kunne ɗaya ke aiki? Aiko yaro ya karɓa.

Injiniya: Biyu ke aiki da na ba ki.

Sarkin Gida: Don Allah a kai maganar na'ura gefe.

Na Damagaram: Tunda Ɗan Fagge ya kawo Tago Mago, bari in tambaye shi. Faifai biyu ne a kwali ɗaya, ko ba haka ba? Na farko ba mai musu, "Halleluhwah" minti 18 mai gangar Can, Jaki Liebezeit, yana riƙe da kiɗa ɗaya bai kauce ba, abin sai ka ce makaɗin da aka yi wa alkawarin doki. Amma ɗora na biyu. "Aumgn" minti 17 ne na gurnani, har da haushin kare a ciki. "Peking O" kuwa mawaƙinsu Damo Suzuki ne ke sambatu kamar mai zazzaɓi. Idan rage gudu damfara ce, to naɗar haushin kare a sayar wa mutane mene ne sunansa?

Ɗan Fagge: Wannan sabon abu suka buga, ba tsoho suka ɗumama ba.

Na Damagaram: Holger Czukay, mai jitar bas na Can, da reza yake zama yana yanka zaren naɗi yana liƙawa. Awanni suke bugawa, ya tsinto abin da ya ga dama. Shi ma ɗinki ne.

Ɗan Fagge: Tela daban, mai faci daban.

Lauyan Gida: Ka ga ka sauko da kanka. Da damfara ka ce, yanzu faci. Faci ba laifi ba ne a kowace doka.

Ɗan Fagge: Yaya ban sauko ba. Damfara ce ta hanyar faci.

Baba Garmaho: Ni fa na gano bakin zaren. Yaron nan a Kolon yake zaune, Can kuma 'yan Kolon ne, a can suka haɗu a 1968. Neu! da Kraftwerk 'yan Düsseldorf. Garuruwan nan biyu ba su fi kilomita 40 tsakani ba a bakin kogin Rhine, kuma tsokanar juna suke kamar Kanawa da Zagezagi. Shekara biyu kacal, har ka gaji rigimar masu masaukinka?

Ɗan Fagge: Baba, shekara uku ce. Kuma ko a Fagge nake, kunnena ɗaya ne.

Hajiya Mai Kaset: Kamar na'urar Injiniya.

Injiniya: Sarkin Gida ka gani ko? Ita ta dawo da maganar.

Zangon Kumasi: Har yanzu ba wanda ya ce komai kan Saw Delight.

Na Damagaram: Saboda lokacin Damo ya tafi tun 1973, Czukay ma ya ajiye jitar bas ya koma wasa da rediyo. Ba Can ɗin da ake magana ba ce.

Zangon Kumasi: Wato da baƙar fata suka shigo sai ta daina zama Can?

Na Damagaram: Subhanallahi. Mawaƙinsu na farko, Malcolm Mooney, baƙar fatar Amurka ne, shi ya yi Monster Movie a 1969, kuma ina son sa. Kada ka ɗora min abin da ban faɗa ba.

Zangon Kumasi: To na ji. Amma a riƙa ambato.

Malama Talatu: Ni baƙuwa ce a wannan kiɗa, karatu kawai nake. Wanne ne mai gwangwanin kuɓewa a kwali? Shi kaɗai 'yata ke yarda a kunna a mota.

Baba Garmaho: Ege Bamyasi ke nan 'yata, na Can, 1972. Da Turkanci kuɓewar yankin tekun Aegean ake nufi. Yarinyar tana da kunne.

Ɗan Fagge: Kun gani? Yaro ba ya ƙarya. A kunna mata "Super 16" mu gani.

Lauyan Gida: Shaidar ƙaramin yaro ba ta tabbatar da damfara.

Sarkin Gida: Jama'a dare ya yi, bari in taƙaita kafin in rufe. Ɗan Fagge ya kawo kuka kan Neu! 2, kuma duk mai adalci ya san kukansa na kan hanya. An ɗan yi saɓani kan lafazi, wasu sun ce damfara, wasu algus, wasu tauye mudu, amma ma'anar ɗaya ce, an sayar da rabin kaya a kuɗin cikakke. Lauya ya yi ƙoƙari irin na masu sana'arsa. Na Damagaram ya ba da tarihi mai amfani, wanda a ƙarshe ya tabbatar cewa su kansu Neu! ba haka suka so faifan ya fito ba. Maganar kare a "Aumgn" ba ta shafi batu ba, kuma wanda ya saurara da nutsuwa ya san karen ya shigo a kan lokaci. Game da fifikon Tago Mago, ban ga wanda ya kawo hujjar da ta rushe shi ba, don haka ya tabbata. Mako mai zuwa za mu saurari faifan Future Days na Can.

Na Damagaram: Ranka ya daɗe, wannan ba taƙaitawa ba ce, hukunci ne. Mu huɗu muka ce ba damfara ba ce, ni da Lauya da Baba da Injiniya. Kuma hoton da ke kan sunanka na Jaki Liebezeit ne, kowa yana gani.

Lauyan Gida: Ina ɗaukaka ƙara.

Sarkin Gida: An rufe.

Ɗan Fagge: Kafin a rufe, faifan yana nan, sau ɗaya aka ɗora masa allura. Na Damagaram, tunda kai ne mai son sa, kawo Yuro 30.

Na Damagaram: Kayan da ka ce rabi ne? Na saya 15.

Ɗan Fagge: Albarka.