Saurayi ya karɓe waya, ya murɗe hannu: kowa ya kawo abin da ya gani

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Sakkwato yarinya 'yar shekara 15 ko 16 takan fara fita zance, kuma yawancin abin da samari ke yi musu muna kiransa kishi mu wuce. Wanda ya gani da idonsa ya faɗa mana, ba sai an kama sunan kowa ba.

Wata uwa, Mabera: Ɗiyata ta dawo daga zance tana ɓoye hannu cikin hijabi. Da dare na ɗaga shi, sai ga shaidar yatsu huɗu a tsintsiyar hannunta. Laifinta, wai ta gaisa da ɗan ajinsu a hanyar islamiyya. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne amsarta: "Inna, ai don yana sona ne." Na zaunar da ita, ban daka mata tsawa ba, sai ta fara zubo sauran. Shi ke riƙe da lambar sirrin wayarta, shi ke zaɓar ƙawar da za ta yi.

Wata ɗaliba, Runjin Sambo: Inna, Allah ya saka. Ni nawa bai taɓa duka na ba. Kati yake saka min, daga baya ya fara lissafa kuɗin a gabana, ya ce in na bar shi zai watsa hotunana a WhatsApp. Na daina barci. Ban faɗa a gida ba saboda tun farko ba a san ina da waya ba, dukan Baba nake tsoro fiye da barazanar.

Wani yaya, Arkilla: Ƙanwata, wannan tsoron shi suke ci da shi. Mu samari mun san masu yin haka a majalisa, har dariya ake yi in mutum ya ce ya "gyara" budurwarsa. Ni na daina yin shiru.

Wata malamar sakandare: Alamar da nake fara gani ita ce yarinya mai surutu ta koma shiru, makinta ya faɗi, waya ta yi ƙara ta zabura. Ɗiyata ta Runjin Sambo, kada ki goge saƙonninsa, hujja ce. Tun 2021 jiharmu ke da dokar hana cin zarafi ta VAPP da kuma dokar kare yara, kuma barazana irin wannan laifi ce. Akwai Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru, tana karɓar waɗanda aka ci zarafinsu, ana duba su a ba su shawara kyauta. In Baba ya yi miki nauyi, fara da gwaggo ko yayarki, ku tafi tare.

Uwar Mabera: Malama, mu mahaifinta ne ya je ya sami iyayen yaron tare da mai unguwa. An canza mata layi, yanzu yayanta ke raka ta islamiyya.