Fasfona na Faransa ne amma a Yamai nake zaune, za su mayar min da harajin kaya na TVA?

Ɗan_Birni:
Assalamu alaikum jama'a. A Lyon aka haife ni, fasfon Faransa gare ni, amma shekara huɗu kenan da na dawo Yamai da aiki. Wata mai zuwa zan je Faransa ganin tsohuwa, ina so in sayo kwamfuta ta wajen yuro 1200 da 'yan turaruka na uwargida, to wani abokina ya ce wai detaks ɗin nan, wato mayar wa matafiyi da harajin TVA na kayan da ya saya, na 'yan yawon buɗe ido ne kawai, ni da nake ɗan ƙasa ba ni da rabo. Haka ne ko dai faɗa kawai yake?

Maman_Hanifa:
Wa'alaikumus salam. Abokin naka bai san zancen ba wlh. Ba ruwansu da launin fasfo, inda kake zaune suke dubawa, in dai mazauninka na wajen Tarayyar Turai ne kuma zuwan da ka yi bai kai wata shida ba to kana ciki. Sai dai mai shago da ya ga fasfon Faransa zai fara yi maka kallon ɗan gida, don haka ka riƙe katin rajistarka na ofishin jakadanci, shi ne shaidarka. Kuma tun kafin ka biya ka tambaya ko suna yin detaks, don ba dole ba ne a kansu, akwai shagunan da za su ce maka sam ba sa yi. Sayayyar ta wuce yuro 100 a shago ɗaya, su ba ka bordero, wato takardar detaks mai lambar nan da na'ura ke karantawa.

Alhaji_Transit:
Hajiya ta gama magana, abu ɗaya zan ƙara, duk da TVA kashi 20 ne, kar ka sa rai da kashi 20 cif. A cikin 1200 ɗin nan harajin 200 ne ba 240 ba, tunda an riga an cusa shi cikin farashin, sannan kamfanonin da ke shiga tsakani irin su Global Blue sai sun yanki nasu, yawanci kashi 12 na kuɗin kaya ke dawowa, ka ga wajen 144 kenan.

Ni abin da ya ci ni a filin jirgi ne. Na yi gaggawa na ba da jakata aka wuce da ita, na zo gun na'urar PABLO mai tantance bordero ta nuna min ja, na je wajen ɗan duwan (kwastan) ya ce ina kayan, na ce suna cikin jaka, ya ɗaga kafaɗa kawai, shikenan kuɗi suka bi ruwa. Ka fara zuwa na'urar kayanka na hannunka, in ta nuna kore sannan ka ba da jaka. Kuma kayan su fita kafin ƙarshen wata na uku bayan watan da ka saya.

Sadauki_Leeds:
Ku kam kun huta. Mu nan Ingila tun Janairun 2021 aka soke abin, sai dai in shagon ne da kansa zai aika maka kayan waje.

Ɗan_Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Katin nawa ma ashe ya ƙare tun bara, gobe zan nemi sabuntawa. Alhaji, turaren fa, in na sayo kwalba goma ba matsala?

Alhaji_Transit:
Goma iri ɗaya? Za su iya cewa kasuwanci ka zo yi, detaks kuwa na kayan amfanin kai ne. Kuma ka tuna akwai duwan ɗin Yamai na jiranka in ka sauka. Ka sayo uku, uwargida ta yi haƙuri.